Wa ke riƙe da ragamar shirin tallafa wa ɗalibai marasa rinjaye a jami'o'in Amurka?

Yayar Ɗaliba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a wata jami'a a nan Amurka, kuma an sanya ta cikin shiri na musamman da ke ɗaukar ɗaliban da irinsu ba su da yawa a makarantar, kamar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda ba a taɓa yin ɗan jami'a a gidansu ba. Takardar da aka aiko mata ta jero darakta, da ma'aikaciya mai tsara harkokin shirin, da farfesoshi masu ba da shawara. Ina son sanin wanda ke da ta cewa a cikinsu, da wanda za ta nufa idan karatu ya yi mata tsauri ko kuɗi ya yanke. Mun kuma ji ana cewa kotu ta soke irin waɗannan shirye-shirye, shi ya sa hankalin iyayenmu bai kwanta ba.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a karatunta. Aikin kashi biyu ne, kuma ɗalibin da ya gane haka da wuri ya huta. Ma'aikatan ofis su ne ke tare da ɗalibi kullum: su ke lura da makinsa, su nemo masa mai ƙarin bayani a darasin da ya gagare shi, su kuma kira shi idan ya daina zuwa aji. Farfesa kuwa ba lallai ta riƙa ganinsa kowane mako ba, amma shi ke buɗe mata ƙofar ɗakin bincike, shi ke rubuta mata takardar shaida ranar da za ta nemi digiri na biyu, kuma irin wannan takarda ba ta da nauyi sai daga hannun wanda ya ga aikinta da idonsa.

Shirye-shiryen da suka yi suna ba su bar wannan alaƙa ga sa'a ba. Gidauniyar Posse, wadda Deborah Bial ta kafa a 1989, tana tura ɗalibai rukuni-rukuni, goma-goma, kuma a shekaru biyun farko mai kula da su yana zama da rukunin kowane mako, sannan ya gana da kowannensu shi kaɗai bayan mako biyu-biyu. Shirin Meyerhoff na jami'ar UMBC, wato reshen jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, wanda aka kafa a 1988, yana tara sababbin ɗalibansa na mako shida kafin a buɗe makaranta. Daga cikinsa Kizzmekia Corbett ta fito, wadda ta yi aiki a kan rigakafin korona na kamfanin Moderna. A ganina sirrin nasarar wannan shiri bai wuce cewa Freeman Hrabowski, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya shugabanci jami'ar daga 1992 zuwa 2022 ba, don haka shirin bai taɓa zama maraya ba.

Tsohuwar Ma'aikaciya ta amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ya faɗi yadda ya kamata abin ya kasance ne, ni kuwa na zauna a irin wannan ofis. Sunan farfesa a takarda ba ya nufin yana da lokaci. A manyan jami'o'in bincike, abin da ke kai malami ga ƙarin girma da tabbatar da kujerarsa shi ne wallafa bincike da samo kuɗin gudanar da shi, sa'o'in da ya ɓatar yana sauraron ɗalibar da ta faɗi jarrabawa kuwa da wuya a lissafa masa su. Nauyin kuma yakan faɗa kan mutane ƙalilan, musamman malamai baƙar fata da mata, domin duk kwamitin da aka kafa su ake nema, kuma ɗalibai su suke bi. Tun a 1994 Amado Padilla ya kwatanta wannan da wani haraji da ake karɓa daga irin waɗannan malamai ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Na ga malamar da ɗalibai ke layi a bakin ofishinta da yamma, alhali takardun bincikenta na jibge a kan tebur ba ta taɓa su ba.

Saboda haka ƙanwarki ta tambaya, cikin ladabi, ko an rage wa mai ba ta shawara yawan darussan da yake koyarwa saboda wannan aiki, da kuma tsawon lokacin da mai tsara shirin ta yi a kujerarta. Inda ma'aikata ke sauyawa kowace shekara, ɗaliba takan wayi gari tana maimaita labarinta ga baƙuwar fuska. Maganar kuɗi kuwa, ofishin tallafin kuɗin karatu ne ke yanke hukunci, darakta sai dai ya sa baki. Ke ma ki sani, Yaya, dokar kare sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, wadda ake kira FERPA, ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga jami'a, don haka idan kin kira suka ƙi gaya miki makinta, ba wulaƙanci ba ne, izininta a rubuce suke jira.

Mai Bin Shari'o'i ya amsa:

Game da kotu, hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a ranar 29 ga Yuni 2023, a ƙarar da aka shigar da jami'ar Harvard da ta North Carolina, ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai ne. Bai soke shirye-shiryen tallafi kai tsaye ba, amma lauyoyin jami'o'i da dama sun sa an sake rubuta sharuɗɗan shiga, aka koma ga ƙarfin aljihun iyaye da tarihin karatun gida. Wannan ba sabon abu ba ne, domin bayan wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke tallafin Banneker na jami'ar Maryland, wanda aka keɓe wa ɗalibai baƙar fata, a 1994, shirin Meyerhoff, wanda shi ma da farko na baƙar fata ne, ya buɗe ƙofarsa ga kowa a 1996, kuma bai mutu ba.

Abin da ya fi taɓa ma'aikata shi ne dokokin jihohi. A Texas, dokar SB 17 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, ta rufe ofisoshin da ke kula da daidaito tsakanin launin fata da jinsi a jami'o'in gwamnati, wasu ma'aikata suka rasa aikinsu. Don haka ki duba jihar da jami'ar take, ki duba ko ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, sannan ku nemi sanin inda kuɗin ke fitowa, ko daga wata gidauniya, ko daga baitulmalin jiha, ko daga gwamnatin tarayya kamar shirin McNair mai shirya ɗalibai zuwa karatun digiri na uku.

Yayar Ɗaliba ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jami'ar mai zaman kanta ce, amma takardar ba ta fayyace ko tallafin na shekara huɗu ne ko sabunta shi ake yi duk shekara ba, ba ta kuma faɗi makin da za a riƙe ba. Na ce mata ta rubuta wa mai tsara shirin da ofishin kuɗi a saƙo ɗaya, ta nemi amsa a rubuce kafin ta sa hannu.