Masu buga golf: wa ya taɓa fama da ciwon diddige?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan, da na sauko daga gado da asuba sai in ji kamar na taka ƙusa da diddigen dama. In na ɗan zaga ya lafa, in na gama ramuka 18, wato cikakken zagayen wasa, ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka min da abin da ya gani.

Malam Sani: Wa'alaikumus salam. Abin da ka faɗa shi na yi fama da shi. Likitan ƙafa ya ce min jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa, daga diddige zuwa gindin yatsu, ita ce ta kumbura. Da dare tana takurewa, shi ya sa takun farko ya fi zafi. Mun saba raina tafiyar da muke yi, alhali zagaye ɗaya kan kai kilomita 8 zuwa 10, awa huɗu mutum na tsaye, ga hawa ga gangara. Wannan ciwon ne ya fitar da shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods daga babbar gasar Masters a 2023.

Ni dai an sa ni miƙe sharaɓa a jikin bango safe da yamma, ina murza gorar ruwa mai ƙanƙara da tafin ƙafa, aka ba ni matashin da ake sawa cikin takalmi. Na koma ramuka 9 na ɗan lokaci. Sai da na haura wata shida kafin na manta da shi, kuma na tabbata da na je da wuri da bai kai haka ba.

Maman Walid: Nawa daban ne, Malam. Tsakanin yatsa na uku da na huɗu a ƙafar hagu, zafi kamar garwashi, wani lokaci yatsun su sage. Da hannun dama nake bugu, don haka nauyina duka kan hagu yake sauka a ƙarshen bugun, takalmin kuma ya matse min yatsu. Da na sauya mai faɗin baki abin ya ragu sosai. Yanzu da yamma nake gwada takalmi, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura.

Ɗan Autan Fili: Ni bororo ne kawai da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Na daina safar auduga mai riƙe gumi, ina shanya takalmi ya bushe kafin in sake sawa.

Alhaji Babba: Ƙannena, ku bar ni in yi magana kan masu ciwon suga irina. Na taɓa gama wasa da ƙaramin dutse cikin takalmi ban ji komai ba, sai da na ga jini a safa. Raunin ya yi makonni bai warke ba, hankalina ya tashi ƙwarai. Tun ranar kullum da dare sai na duba ƙafata da madubi, kanta kuma, wato fatar ƙafa da ta yi tauri, ba na yanke ta da reza, likita nake bar wa.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya Alhaji. Na karɓi ranar ganin likita, Talata mai zuwa. Malam Sani, matashin nan naka aunawa aka yi da ƙafarka, ko na kanti ne?