Kaɗa zare da hannu don saƙa suwaitar farko

Maman Sadiya, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ina so in saƙa suwaita da zaren da na kaɗa da hannuna. Kibiya kam na iya, ina yin huluna da safa da zaren Ƙofar Wambai, amma a kaɗi ban wuce koyo ba. Masu sani ku taimaka: wace auduga zan nema, nawa za ta isa, wane kauri ake so, kuma a ina aikin ya fi lalacewa?

Inna Mai Mazari, Dala

Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da audugar kanta. Nemi ta bana, mai ƙwaya a ciki, wadda ba ta sha ruwa ba. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu take shigowa daga wajajen Funtuwa, Malumfashi da Gusau. Ki ciro ɗan tsili ki ja tsakanin yatsu: in gashin ya kai tsawon gaɓar yatsa, wajen santimita 2.5 zuwa 3, za ta kaɗu. Wadda ta yi ja-ja ko take ɗauke da ganye da yawa ki bar wa masu katifa.

Sai gurza. A shimfiɗa 'yan ƙwayoyi a kan magurji, a murza ƙarfen a kansu, gurya ta fita gaba, audugar ta tsaya baya. Kada ki danna har ƙwayar ta fashe, man da ke cikinta yana ɓata audugar, ɓawon kuma ya zama ƙulli a zare. Bayan nan shiɓa da baka, har ta tashi ta yi laushi ba dunƙule. Ki ɗaure hanci, ƙurar tana sa tari. A naɗa ta sutu-sutu, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ba a matse ba.

Wajen kaɗi, mazari mara nauyi mai ƙaramin gululu, wato dunƙulen yumɓun da ke jikinsa, gindinsa a cikin taskira ko ƙoƙo. Ba a rataye shi a iska, don gashin auduga gajere ne, nauyin zai tsinke zaren tun bai murɗu ba. Dangwali alli, murza mazarin zuwa dama, ja sutu baya a hankali da hagu. Idan kin ja kamu guda, ki tsaya ki ƙara murɗi kafin ki naɗe. Wannan ƙarin ne masu koyo suke tsallakewa, shi ya sa zarensu yake zamewa ya rabu ba tare da ya yi ƙara ba. Wanda ya tsinke da ƙara "ƙas", shi kuma murɗi ne ya yi masa yawa a wurin da ya sirance.

Da hunturu iska a bushe take, auduga tana tashi tana tsinkewa. Ki yi kaɗin da sassafe, ko ki rufe sutun da tsumma mai ɗan danshi.

Malam na Fagge

Hajiya, kafin ki sayi komai ki yanke shawara tsakanin auduga da ulu. Tumakinmu, 'yan ƙasa da uda da balami, gashi gare su irin na akuya, gajere mai tauri, ba ya kaɗuwa. Ulu na gaske daga waje yake zuwa, kuma yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa roba ce. Ashana ke raba gardama: na roba ya narke ya dunƙule ya yi tauri, ulu ya yi warin ƙonannen gashi ya murmushe, auduga ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi.

In an samo miki ulu tsefaffe daga waje, ya fi auduga sauƙin koyo nesa ba kusa ba, don gashinsa ya kai santimita 7 zuwa 12, ana rataye mazarin ma a iska. Ulun tumakin Corriedale ya fi na tumakin Merino sauƙi ga sabon hannu, Merino santsi gare shi. Sai dai tsada, ga asu. Sanyin Kano kuwa, galibi safiyar Disamba da Janairu ce ke sauka ƙasa da digiri 15, rana na ɗagawa an tuɓe rigar. Auduga mai kauri ta isa.

Anti Mai Lissafi, Zoo Road

Bari in ba ki adadi, don a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Suwaitar babba mai faɗin ƙirji santimita 100, dogon hannu, tana cin wajen mita 1,100 zuwa 1,300 na zare matsakaici. A auduga hakan ya kai giram 600 zuwa 700, na hannu ma yakan ɗara, don ya fi na inji matsewa. Auduga mai ƙwaya kuwa kashi ɗaya cikin uku ne kawai gashi, sauran gurya. Ki sayi kilo 3 a lokaci guda, wurin mutum guda. Abin da aka ƙaro daga baya da wuya farinsa da tsawon gashinsa su zo ɗaya da na farko.

Ga abin da ba a so a ji. Zaren mita 1,200 mai sili uku yana nufin kaɗa sili wajen mita 4,000, don tufka tana cinye kusan kashi goma cikin ɗari na tsawo. In hannunki yana ba da mita 50 a awa, awa 80 ke nan, ban da gurza da shiɓa da saƙar. Wadda ta fara da audugar bana, rigar ta hunturun baɗi ce. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da ta yaro ɗan shekara 2 zuwa 3: mita 450 zuwa 500, giram 250 ko sama kaɗan. Duk abin da za ki koya a babba yana cikinta.

Awon tsawo ba wuya. Kifa kujera, naɗa zaren a ƙafafunta, auna zagaye ɗaya da tef, ƙirga zagayen, ki ninka. Rubuta a takarda ki maƙala wa kowane ɗauri.

Yaya Hajjo, Yakasai

Ni a kan tufka zan tsaya, don ita ce ke raba zaren saƙar kibiya da zaren masaƙa.

Zaren da iyayenmu suke kaɗawa sili ɗaya ne, na masaƙa ne. A masaƙa zaren tsaye da na kwance suna danne juna, murɗin ba ya samun wurin motsi. A kibiya kuwa kowane ido a sake yake. Sili ɗaya mai murɗi sosai in aka saƙa shi, idanun duk sai su kwanta gefe guda, rigar ta karkace, ɗinkin gefe ya zagayo gaban ciki. Guga ba ta gyara wannan, wanki ma ƙara fito da shi yake.

Maganin shi ne a haɗa sili uku ko huɗu a murɗa su ta hannun da ba shi aka kaɗa ba. An kaɗa zuwa dama, a tufka zuwa hagu. In aka manta aka sake bin dama, sai ki ga abu ya ƙanƙance yana nannaɗewa, ba ya saƙuwa.

Yadda ya fi sauƙi: sauke kowane mazari ki cura shi a kan ɗan dutse. Saka curi uku kowanne a kwanonsa don kada su sarƙe. Haɗa bakunan, ki cura su tare a curi ɗaya babba ba tare da murɗi ba, kina tabbatar ba silin da ya fi wani sakwarkwacewa. Daga wannan curin za ki tufka, da babban mazari irin na abawa, zaren nan mai kauri. Silin da ya yi sako-sako a nan shi ne zai fito da 'yan kunnuwa a jikin zaren.

Gwaji: saki kamu biyu na zaren ya rataya, bakin biyu a hannunki. In ya sauka a buɗe bai naɗe kansa ba, ya daidaita. Amma a kula, silin da ya kwana biyu a cure murɗinsa barci yake yi, gwajin zai yi miki ƙarya, ki ga kamar tufkar ta yi yawa alhali daidai take. Ki yanki ɗan guntu ki tsoma a ruwan zafi tukuna, murɗin ya farka, sannan ki duba.

Abu na ƙarshe, kada ki tufka ko ɗaya sai kin gama kaɗa duka. Hannu yana canzawa. Silin makon farko kauri gare shi da gargada, na wata na uku siriri ne sumul. Ki sa wa curin lamba, wajen tufka ki haɗa na farko da na tsakiya da na ƙarshe, sai kaurin ya raba daidai. Wadda ta tufka tana tafiya, za ta sami gaban riga mai kauri da hannuwa shara-shara.

Inna Mai Mazari, Dala

Hajjo, ban ƙi taki ba, amma abawa fa? Sili biyu na abawa sun ba da kaurin da ake so, aikin ya ragu da rabi.

Yaya Hajjo, Yakasai

Inna, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne ya fi sauri, kuma ya fi taushi a jiki. Matsalar murɗinta kaɗan ne, gashin bai kamu sosai ba. A gwado zaren tsaye yana riƙe ta. A suwaita, gwiwar hannu da hammata suna gogayya, wanki kaɗan ta fara ƙuraje tana zubar da gashi. In za a yi da abawa, a ƙara mata murɗi fiye da na gwado, a kuma haɗa ta da sili ɗaya siriri mai ƙarfi. Ga mayafin wuya ko bargon jariri dai ba ni da ja.

Anti Mai Lissafi, Zoo Road

Na manta kauri. Naɗa zaren da aka tufka a jikin fensir, zagaye kusa da zagaye, ba ja ba matsi. In zagaye 11 ko 12 suka cika santimita 2.5, na kibiya mai milimita 4 ne. In 9 ko 10 ne, milimita 4.5 zuwa 5. Ki naɗa samfurin sili da na tufkakke a ɗan kwali ki ajiye cikin taskira, duk zama ki gwada da shi.

Hajiyar Marina, Ƙofar Mata

Ba a saƙa zaren auduga ɗanye. Bayan tufka a yi shi ɗauri-ɗauri a ƙafar kujera, a ɗaure kowanne wuri huɗu da wani zare, sako-sako yadda yatsa biyu za su shiga. A zuba a tukunya da ruwa mai yawa, ɗan sabulu da ɗan ƙanƙanin kanwa, a bar shi yana tafasa a hankali minti 30 zuwa 45. Ruwan zai koma ruwan shayi, kakin da ke jikin audugar ne da datti. Dahuwar tana zaunar da murɗi, zaren ya yi fari ya kumbura, ya kuma ɗan ragu a tsawo, don haka awon gaskiya bayan ya bushe ake yi. Ulu kam kada a kuskura a dafa shi haka. Ruwa mai ɗumi, minti 20, ba cuɗawa ba kanwa, in ba haka ba ya cure ya zama abu guda.

In kina son shuni, kawo zaren dafaffe, wanda ba a dafa ba baba ba ya kama shi sai dabbare-dabbare. Kawo shi duka rana ɗaya, ki ce wa mai rini karofi ɗaya, tsomi ɗaya. Zare yana fitowa kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kuma yawan tsomawa da shanyawa ne ke sa ya yi duhu. Ɗaurin da aka matse yana barin farin zobe. A gida ki yi ta ɗauraya har ruwa ya fita fes, in ba haka ba kibiya da yatsu da farar rigar da ke ciki duk za su rine.

Maman Sadiya, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To idan zare ya kammala, saƙar tana da bambanci da ta zaren kanti?

Anti Mai Kibiya, Sabon Gari

Tana da shi, ƙanwata. Kada ki dogara da lissafin idon da ke cikin takardar kwatance, ba da zarenki aka yi shi ba. Saƙa ɗan gwaji santimita 15 kowane gefe, wanke shi, shanya a kwance, sannan ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10 na tsakiya. In 20 ne kuma ƙirjin rigar 100 ne, ido 200 ke nan, 100 gaba 100 baya, ki ƙara biyu-biyu na ɗinki. Bayan nan rataye gwajin da 'yan maƙalan shanya a ƙasansa ya kwana, ki ga yadda ya zazzago. Auduga ba ta komawa in ta miƙe, shi ya sa ake rage tsawon jiki da na hannu da santimita 3 ko 4.

Saƙa rigar gaba daban, baya daban, hannuwa daban, ki haɗa da ɗinki. Ɗinkin gefe da na kafaɗa su ne ke ɗauke nauyin rigar, wadda aka saƙa a zagaye ba ɗinki ta fi saurin zazzagowa. Ƙugu da bakin hannu, ɗaya gaba ɗaya baya, a yi su da kibiyar da ta gaza ta jikin da milimita 1, in so samu a bi da siririn zaren roba ta ciki. Ki riƙa aiki da curi biyu, layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, bambancin kauri ko na rini sai ya ɓace. Ki bar ado mai sarƙaƙiya, zaren hannu yana da gargadarsa, saƙa mai sauƙi ta fi fito da shi.

Wuya ne wurin da ake kuka. Kan babba ya kai santimita 55 zuwa 58, bakin auduga kuma ba ya buɗewa. Ki rufe idanun wuyan da kibiya babba, sako-sako, ki gwada a kai tun ba ki yanke zaren ba. Ta yaro kuwa ki bar kafaɗa ɗaya a buɗe ki sa maɓalli uku. Wanki da hannu, a naɗe a tawul a matse, a shimfiɗa a tabarma a inuwa. Kada a rataye ta a igiya tana jiƙe.