Gyaran jifan mashi ana tsakiyar kakar gasa

Bayan atisaye mun zauna da koci da wasu tsofaffin 'yan jifan mashi biyu. Tambayar ita ce: in kakar gasa ta kankama, gyara nawa ya kamata mai jifa ya karɓa? Bakinsu ya zo ɗaya: guda tak, sauran a ajiye sai an gama kaka. Wanda ya shiga fili yana tunanin hannu da ƙafa da kai lokaci guda, jikinsa sandarewa yake yi, mashin ya faɗi kusa.

An fi daɗewa a kan bidiyo. A kafa waya daidai tsayin ƙugu, ta ɓangaren hannun jifa, ta kama taku biyar na ƙarshe, sannan a kalla a hankali. Ga mai jifa da dama, ƙafar hagu ta dira a miƙe ta tokare ƙasa, ko ta lanƙwashe? Gwiwar hannu ta haura kafaɗa? In ta yi ƙasa, nisa zai ragu, ciwo kuma na nan tafe. Ni wannan ta fi damuna, don na ga yaron da ya rasa kaka guda saboda ita.

Wani ya kawo misalin Julius Yego na Kenya, wanda ya koya ta YouTube har ya ci zinariyar duniya a Beijing a 2015 da mita 92.72. Koci ya ce haka ne, amma sai da ya je Finland hannun ƙwararren koci.

Ranar gasa kuwa, mutum ɗaya za ka saurara, sauran su bari sai washegari.