Ofareta biyu masu jituwa: ina ake ɗora f(A,B)?

Sani_Zahran:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a lissafi a nan Zahran. Jiya bayan Isha'i na zauna da wata tambaya har ƙarfe ɗaya na dare, shayina ya huce ban ko kurɓa ba. In ofareta ɗaya ne, wato abu irin matiriks da ke mayar da bekta zuwa wata bekta, na san yadda ake ɗora masa fankishan f a samar da f(A) daga sifektiram ɗinsa, wato tarin ƙimominsa na musamman. To in biyu ne masu jituwa fa, wato AB = BA? Ni dai na haɗa kowace ƙima ta A da kowace ta B, na ɗora f a kansu. Malamina ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta "me ya sa?" kawai. Lahadi zan koma wurinsa, ku taimaka.

Malam Bashir, Jidda:
Wa alaikumus salam Sani. Ajiye manyan littattafan, ɗauko takarda. A matiriks ce mai 1 da 2 a kan dayagonal, B kuma mai 3 da 4. Suna jituwa. A+B ta ba ka 4 da 6. A hanyarka, 1+4 da 2+3 za su kawo 5. Ina 5 ɗin? Babu shi. Dalili kuwa, 1 da 3 a kan bekta ɗaya suke zaune, 2 da 4 a kan ɗayar, ba a raba su. Sifektiram na haɗin gwiwa maki biyu ne rak, (1,3) da (2,4), a kansu ake ɗora f, ba a kan maki huɗun da hanyarka ta bayar ba.

In dukansu nomal ne, wato kowanne yana jituwa da adjoyin ɗinsa (abokinsa da ake rubutawa da *, kamar A*), aikin ya zo da sauƙi. Sakamakon Fuglede na 1950 ya ce A za ta jitu da B* ma, sai ka samu aljabara mai jituwa, Gelfand da Naimark su mayar maka da ita fankishan marasa yankewa. In ba nomal ba ne, sai ka nemi aikin Joseph Taylor na 1970, mai amfani da sarƙar Koszul. Wannan kam ba karatun dare ɗaya ba ne, ni sai da na yi wata ina fama.

Hauwa_Madina:
Malam ya gama magana, ƙari kawai. Ƙanena, kada ka ɗauka abin da ya yi wa biyu zai yi wa uku. Ƙa'idar von Neumann ta 1951, wadda ke iyakance awon f(A) in f folinomiyal ce, a kan ofareta wanda awonsa (iyakar yadda yake miƙa bekta) bai wuce 1 ba, Ando ya nuna a 1963 cewa tana aiki ga biyu masu jituwa. Ga uku kuwa ba ta aiki, Varopoulos ya kawo misalin da ya karya ta a 1974. Ni a gaban aji aka kama ni da wannan, har yau ina jin kunyar.

Sani_Zahran:
Kai, Malam, wannan 5 ɗin ya kashe bakina. Allah ya saka da alheri. Yaya Hauwa, nawa biyu ne kuma nomal, Taylor sai bayan jarrabawa.