Wai da gaske ana samun 'ya'ya daga 'yar tunkiya mai wata 2?

Ɗan Auta: Slm jama'a. Yau a aji malaminmu ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai, wai a Ostiraliya 'yar tunkiya mai sati 6 zuwa 8, tana kan shan nono fa, ana mata allurar homon, wato sinadarin da ke tayar da haihuwa a jiki, a samu 'ya'yanta tun ita kanta ba ta san menene rago ba. Na ce bari in kawo wa manya su warware min.

Alhaji Mai Balami: Wslm. Kai Auta ko malamin naku ya faɗa ba daidai ba ko kai ka ji a karkace. Tun ina riƙe wa babana igiya a kasuwar Potiskum nake cikin tumaki, ban taɓa ganin kazganya ta ɗau ciki ƙasa da wata 6 ko 7 ba, ita ma ɗin sai wadda ta ci ta ƙoshi. Mai wata 2 ina ma ƙugun da za ta ɗauki ɗa? Wannan zancen teburin mai shayi ne kawai.

Hajiya Uwar Garke: Nima dai haka na gani Alhaji, 'yar da ko ciyawa ba ta gama iya ci ba.

Dakta: Ranka ya daɗe Alhaji, kai da yaron nan duk kuna da gaskiya, inda kuka saɓa shi ne kalmar ciki. Ba ita ke ɗaukar cikin ba. Ita 'yar tunkiya da ƙwayayen haihuwarta ake haifarta, kuma tsakanin sati 4 zuwa 8 ne ƙananan jakunkunan ƙwan nan suke fi yawa a jikinta, sai a yi mata allurar wani homon da ake kira FSH na 'yan kwanaki su kumbura, a sa mata maganin barci a buɗe cikin kaɗan a zuƙo ƙwayayen, a kai ɗakin gwaji su nuna kamar kwana ɗaya, a haɗa da maniyyin rago, a rena kamar kwana 6 zuwa 7, sannan a dasa a mahaifar babbar tunkiya ta aro. Ita babbar ce za ta yi goyon cikin wata 5 ta haifa ta shayar. Sunan aikin JIVET, masu bincike a jihar Kudancin Ostiraliya ne suka yi fice da shi tun shekarun 1990, musamman kan tumakin Merino masu ulu.

Ɗan Auta: Yawwa Dakta Allah ya biya ka, JIVET ɗin nan ya ce wlh

Alhaji Mai Balami: To ai ka ji, ba haihuwa ta yi ba kenan, kwashe mata ƙwai aka yi. Magana ta tana nan. Amma tsakani da Allah Dakta saurin me ake? Wace tunkiya ce ta ƙi girma?

Dakta: Lokaci suke saye Alhaji. Su can mai Merino yawanci sai tunkiya ta kai shekara 2 take haihuwar fari. Da wannan hanyar kuwa lissafa, wata 2 na 'yar a haɗa da wata 5 na cikin aro, wata 7 kenan ka ga jikokin tunkiyarka. Wanda ke neman gyara iri, misali ulu mai laushi ko saurin girma, abinda zai ɗauke shi shekara 6 sai ya yi shi cikin shekara 2. Kuma 'ya ɗaya tana iya ba da ƙwai gommai a zama ɗaya.

Mai Turke: Kai! Ashe da in samu 'yar Balami ɗaya ta gaske shikenan na cika gari kafin layya biyu. Dakta a ina ake sayar da allurar?

Dakta: Dakata malam, dama wannan tambayar nake tsoro. Allurar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, sauran fa? Tiyata, ɗakin gwaji da ba a ɗauke masa wuta ko na minti 10, injin rena ƙwai, garken tumakin aro da aka daidaita musu lokaci rana ɗaya. Sannan abinda ba a cika faɗa ba, ƙwan yarinya bai kai na babba ƙwari ba, da yawa a hanya suke lalacewa, kuma wata 'yar za ta ba da ƙwai cike da faranti wata a yi mata allura iri ɗaya ta ba da kusan babu. Ko a Ostiraliyan ba kowane makiyayi ke yi ba, masu sayar da ragunan iri ne da kuɗinsu ke fitowa.

Hajiya Uwar Garke: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. A kama jinjirar dabba a tsattsaka mata allura safe da yamma sannan a farke mata ciki saboda wani yana gaggawar kuɗi, wannan ba zalunci ba ne? Ni da hannuna nake ba marayun raguna madara a fida cikin dare, wlh ba zan iya kallo ba.

Mai Turke: Hajiya ai fiɗiya ma da muke wa raguna da zafi, kuma ba ma sa musu maganin barci, su ko suna sawa.

Hajiya Uwar Garke: Fiɗiya sau ɗaya ce kuma don ragon ya yi ƙiba ya daina faɗa, wannan fa? Kar ka haɗa min kifi da kaska ɗana.

Malam: Bismillah. A sanina dabba ba ta da hukuncin nasaba irin na ɗan Adam, shi ya sa dasa ƙwan wannan a cikin waccan ba shi ne wurin matsala ba, kuma hadisin barbarar dabino yana nan inda Manzon Allah SAW ya ce ku kuka fi sanin al'amuran duniyarku. Amma maganar Hajiya ba abin yarwa ba ce, wanda ya ce ko yanka za ka yi ka wasa wuƙarka ka hutar da dabbar, ba zai yarda a wahalar da ita a banza ba. Sai a auna amfanin da cutarwar. Dakta tambaya ta ɗaya, shi wannan homon ɗin daga me ake samo shi?

Dakta: Allah gafarta Malam ka taɓo inda ke da nauyi. FSH ɗin da aka fi amfani da shi, irin Folltropin, daga wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwar alade ake tace shi, akwai kuma wanda aka yi daga na tumaki. Akwai wani homon ɗin haihuwa kuma da ake kira PMSG, shi daga jinin goɗiya mai ciki ake ciro shi, akwai gonakin dawaki na wannan aikin a Yurugai da Ajantina da Aisland, kuma masu kare haƙƙin dabbobi a Turai sun daɗe suna faɗa da su kan yadda ake ɗiban jinin.

Alhaji Mai Balami: Innalillahi. Alade kuma? To a kai kasuwa.

Malam: A yi a hankali Alhaji, allura ce aka yi wa uwa, abin ya narke a jikinta, ɗan kuma wata ce ta haife shi bayan wata 5. Malamai suna da dogon bayani kan najasar da ta rikiɗe ta koma wani abu, ba zan yanke hukunci a waya ba. Amma in akwai na tumaki ni shi zan zaɓa in huta.

Hajiya Uwar Garke: To naman fa Dakta? Kar mu ci yaranmu mata su fara balaga da wuri.

Dakta: A'a Hajiya, FSH ba ya daɗewa a jiki, cikin awanni yake ƙarewa, dalilin da ya sa ma ake maimaita shi sau 2 a rana kenan. Shi daban da homon ɗin ƙiba wanda Tarayyar Turai ta haramta. Ni abinda ya fi ba ni tsoro a gida yake. Bara wani ya kira ni kazganyoyinsa 4 sun yi ɓari a sati ɗaya, ashe wani mai sayar da magani a kasuwa ne ya ba shi allurar kawo barbara, irin su kuloforostenol, bai san suna da ƙaramin ciki ba. Allurar nan zubar da ƙaramin ciki take yi, ko mace mai juna biyu ba a so ta taɓa kwalbar. Haka masu zuba PMSG ba awo, kazganya ta ɗau 'yan 3 ko 4 jikinta ya kasa, a rasa uwa a rasa 'ya'ya.

Mai Turke: To mu da muke son su haihu lokaci ɗaya don mu samu na layya fa, haƙura za mu yi?

Dakta: Wannan mai sauƙi ne kuma ba a jarirai ake yi ba. Akwai soso mai homon da ake sa wa manyan tumaki kwana 12 zuwa 14, a cire, cikin kwana 2 yawancinsu za su nemi rago, amma likita ya sa maka kuma ka tanadi rago 1 ga kamar tumaki 10. Mu ma fa mun yi sa'a, Yankasa da Uda da Balami kusan a kowane lokaci na shekara suna neman barbara duk bayan kwana 17, ba kamar na Turai masu jiran kaka ba. Kazganya kuma a bari ta kai kamar kashi 2 cikin 3 na nauyin uwarta kafin a sake mata rago.

Alhaji Mai Balami: Kun ji dai, an zagaya an dawo kan maganar babana. Harawa, dusa, kanwa, da rago mai asali. Mu raba rago da garke mu yi wata guda mu dawo da shi mu ga ikon Allah, ba alade ba goɗiya.

Dakta: Wannan ma ilimi ne Alhaji, warin ragon ne ke tayar musu da homon ɗin jikinsu, Turawa ma suna yi. Sai dai ba zan yarda a ce JIVET banza ba ne, ranar da wata cuta ta kusa ƙarar da Balami na asali irin wannan aikin za mu nema a guje, shi ya sa nake so cibiyoyin binciken dabbobi irin NAPRI ta Shika su riƙa koyar da yaranmu shi.

Hajiya Uwar Garke: Su koya a kan nasu dai, 'yar tunkiyata ko ɗaya ba za ta je Shika ba.

Ɗan Auta: Alhaji to yanzu ka yarda malaminmu bai yi ƙarya ba?

Alhaji Mai Balami: Kai tafi can. Ka ce masa ya riƙa cewa ƙwai aka kwasa. Mai Turke ka kira ni bayan la'asar kan maganar ragon nan naka mai tari.