Gadon madaci mai sassaƙa ko na shago? Bikin 'yata saura wata 3

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don kaina ya kulle. Bikin 'yata ta fari saura wata 3, zai faɗo tsakiyar hunturu. Wani kafinta ya nuna mana gadon madaci da aka sassaƙa wa ganye da furanni da hannu a allon kai, haɗe da madubi da sif da durowa 2 na gefen gado. Ya ce miliyan 2 da dubu 300, zai gama cikin sati 6. A shago kuma akwai irin na garin katakon nan da ake matsewa, mai sheƙi, miliyan 1 da dubu 600, yau ka biya gobe a kai maka. Babanta ya kafe a kan madacin, wai gadon mahaifiyarsa ya haura shekara 40 ko ƙara ba ya yi. Tambayata biyu. Sabon aiki ba zai tsage da hunturu ba? Sannan gidan angon a sama yake kuma matakalar ƙunci gare ta, ta yaya ake hawa da irin wannan kaya?

Anti Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Ki sayi ɗan Turkiyya ki huta, shi ake yayi.

Baban Ummi: Miliyan 2 da me? An gan ki da gwal a wuya ne Hajiya. Bara aka yi wa ƙanwata saiti guda har da kujeru a dubu 900.

Kafintan Unguwa: Baban Ummi, dubu 900 ko katakon ba za ta sayo ba, in dai madaci ne na gaske. Je ka 'Yan Katako a Na'ibawa ka yi farashin falanki ɗaya ka dawo mu yi magana.

Uwar Marayu: Maman Nana, don girman Allah ki saurare ni, ni jiki magayi ne. Shekara 2 ke nan na aurar da 'yar yayata da na riƙe tun tana goye. Na sayar da filina na ce sai na yi mata abin da ba za a ce marainiya ce ba. Kafintan ya nuna mini wani gado a shagonsa, ja wur, mutum 4 suka kasa ɗaga shi. Na ba shi kashi 70 cikin 100 a take. Wata 2 ina sintiri. Yau mai sassaƙa ya tafi ganin gida, gobe babu wuta, jibi an yi masa rasuwa. Kaya ba su iso ba sai daren da za a yi jere, ƙarfe 11, fenti ko bushewa bai yi ba, har ya kama wa ƙanwata zane. Da fitilar waya muka karɓa, wa ke da lokacin dubawa?

Ranar jere kam na sha yabo, dangin ango har hoto suka yi ta ɗauka. Sanyi na shigowa yarinya ta kira ni da asuba tana kuka, wai cikin dare suka ji wata ƙara kamar an harba bindiga, mijin har ya diro ƙasa. Allon kan gadon ne ya tsage tun daga sama, ya raba furen tsakiya biyu, yatsana na shiga ciki. Na leƙa tsagar, sai ga katako fari fat. Malaina ce aka shafe da jan launi. Bayan wata 4 sai ga wani gari mai laushi yana taruwa a ƙarƙashin sif, ka share da safe ka tarar da yamma. Na koma wurinsa, buɗar bakinsa sai ya ce iskar Kano ce, ba laifinsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai uwar mijin ce, da ta ce a gabana “ai dama kyan ɗan maciji ne.” Har yau in na tuna filin nan barci ƙaurace mini yake.

Anti Zariya: Innalillahi. Allah ya isar miki Uwar Marayu.

Baban Ummi: Kotu ya kamata ki kai shi.

Uwar Marayu: Da wace takarda? A baki muka yi ciniki, ɗan unguwarmu ne, tare suke sallah da maigidana.

Kafintan Unguwa: Hajiya an cuce ki, amma abu biyu ne kada a haɗa su. Sauya miki katako ha'inci ne. Tsagewa kuma ko madacin gaske yana yi matuƙar ɗanye ne. Itacen da aka yanko daga daji mai laima cike yake da ruwa, in ya zo nan hunturu ya zuƙe ruwan sai ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Idan an danne allo mai faɗi da ƙusa da gam ta ko'ina, ba shi da wurin motsi, dole ya fashe. Masu aikin kirki kwarmi suke yi a jikin firam su zura allon, ya samu sararin numfashi. Mu abin da muka gada, falanki mai kaurin inci 1 a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya kusan shekara. Maman Nana, ki je da kanki kafin a yi feshi. Ki sa a kankare miki ƙasan ƙafar gadon da wuƙa. Madaci ja ne har ciki, kuma zai yi miki nauyi a hannu.

Uwar Marayu: Shi ma wancan haka ya yi ta zuba mini bayani, kamar malamin makaranta. Duk bakinku ɗaya.

Kafintan Unguwa: Haba Hajiya, ni ban ce a kawo mini aiki ba.

Anti Zariya: Ai ba sai ka faɗa ba. A irin wannan magana wadda ta kwana a kan gadon ita ce abin saurare, ba mai sayarwa ba.

Ɗan Jalingo: To ni ba na sayarwa, amma Kafinta ya fi ku gaskiya. Kun san me ya sa jan katako ya yi tsada? Mu muka ga abin da ido. Wajen 2014 zuwa 2017 hanyar Bali da Garba Chede a jihar Taraba tirela ce ke bin tirela, maƙare da gungumen madobiya, wadda a nan ake ce wa Madirid. Legas ake kai su, daga can sai Sin, inda ake sassaƙa kujerun alfarma da su. Yara suka bar gona suka kama injin yankan itace. A 2017 aka sa madobiya cikin itatuwan da CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita fitar da su, madacin Afirka ma aka sa shi a taron Panama na 2022. Dajin da nake zuwa da kawuna ina yaro, yanzu kututture ne kawai.

Baban Ummi: Wato gadon Maman Nana haramtacce ne ke nan?

Ɗan Jalingo: A'a, dokar ta fitarwa ƙasashen waje ce. Ina nufin manyan bishiyoyin sun yi ƙaranci, shi ya sa algus ya yi yawa.

Ɗalibi a Jakarta: Ku zo ku ga sassaƙa a Jepara, a lardin Jaba ta Tsakiya na ƙasar Indonesiya. Gari guda kusan kowane lungu ƙarar guduma da kurfi kake ji, da itacen tik suke aiki, su suna ce masa jati. Amma su ma in za su tura kaya ƙasa mai bushewa sai sun gasa katakon a ɗakin busarwa, in ba haka ba tsagewa yake.

Sarkin Barkwanci: Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe kafintan Uwar Marayu karin magana ya bi.

Uwar Marayu: Ba abin dariya ba ne yaro.

Sarkin Barkwanci: Tuba nake Mama. Amma dai uban amarya ya shiga uku, gara biyu ke cinsa: wadda ke cin gado da wadda ake kai wa dangin ango.

Malam Na Garwa: Ƙarin tunatarwa, a duba abin da aka sassaƙa. Wani abokina ya sayo kujera daga Fumban, can ƙasar Bamun a Kamaru, aiki kamar ba hannu ya yi ba, amma duk jikinta fuskokin mutane ne. Mahaifinsa ya ce ba za ta kwana a gidansa ba. Ganye da furanni da zayyanar dagi babu matsala.

Maman Nana: Na gode, furanni ne kawai Malam. Maganar matakalar fa?

Baban Ummi: Sarkin Barkwanci ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni 'ya'ya mata 5 gare ni. Ango ya ba da sadaki dubu 200 ya kama hayar ɗaki biyu, ni kuma in zuba miliyoyi a ciki, gado, kujeru, labule, firji, har tsintsiya. Wa ya ɗora mana wannan?

Anti Zariya: Ku maza ku riƙa faɗin gaskiya. Lefen da ango ke yi fa, akwati 12? Kuma kaya ai na yarinya ne, in zama ya ƙi da abinta take fitowa.

Uwar Marayu: Da abinta take fitowa in 'yan kwasar kaya ba su karairaya shi ba. Na shagon nan sau ɗaya ake kwance shi, a ɗauri na biyu ƙusa ba ta kamawa.

Baban Ummi: Akwati 12 wa ya ce a yi? Ba ku ne ke zuwa ganin lefe kuna ƙirga atamfa ba?

Anti Zariya: Mu ne kuma muke cin gori in ɗakin 'yarmu bai cika ba. Kai ranar jere kana majalisa kana shan shayi.

Maman Nana: Jama'a, matakalar dai. Babanta ya ce jibi zai kai kafin alƙalami.

Sarkin Barkwanci: A ɗaura auren a canza ango, a samo mai gidan ƙasa.

Baban Ummi: Anti Zariya, shayin ma bashi nake sha tun bikin ta biyu.