Don Allah ku ba ni shawara, rigar yaron tana wajena

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a ɓoye sunana don Allah. Wata huɗu kenan da aka kashe ɗan yayana, shekararsa 6. An aike shi siyo magi bayan la'asar bai dawo ba, washegari aka tsince shi a wani kango bayan layinmu. Ni na raine shi tun yana shekara 2 da uwarsa ta fita, kuma wallahi ba laifinta bane, danginmu ne suka sa ta a gaba kan maganar kayan ɗaki da aka ce ta kwashe, har yau Hajiyarmu bata son a ambaci sunanta, ni ce nake kai mata shi a ɓoye duk sallah. To ranar da aka kawo shi gida kowa ya ruɗe, Yaya yace ba za a farke masa ɗa a asibiti ba, kafin azahar an yi masa sutura. Rigar da aka cire masa ni na ɗauke na ƙulle a leda na tura ƙarƙashin akwati, akwai jini da wani tabo. An kama mutum biyu an sake su. Ni akwai wanda zuciyata ta ƙi kwanciya da shi. Naji ana cewa gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar mutum, yana nuna wanda ya taɓa abu, rigar nan zata yi amfani? Ina ake kaiwa? Bana iya bacci.

Ɗan Lab: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya sa mai ceto ne. Baiwar Allah leda ita ce kuskure na farko, danshi da zafi suna sa rigar tayi fumfuna, ƙwayoyin cuta su cinye abin da ake nema. A takarda ake adana irin wannan bayan ya bushe. Kar ki wanke, kar ki shanya a rana, kar ki ƙara taɓawa da hannu. Na biyu gwajin baya fito da sunan kowa, sai an ɗauki jini ko yawun wanda ake zargi an kwatanta da na jikin rigar. A Pakistan 2018 da aka kashe yarinyar nan Zainab a garin Kasur sai da aka gwada maza sama da 1,000 kafin ya faɗa kan wani ɗan unguwarsu, a watan Oktoba na shekarar aka rataye shi. Amma can hukuma ce ta ɗauki samfur daga jikin gawa tun farko.

Maman Biyu: Hmm Allah sarki. Mu da aka kashe ƙanin mijina shekara uku muna zarya kotu, yau alƙali baya nan gobe fayil bai zo ba, gona guda muka sayar, ƙarshe dangin nasa ma suka juyo kaina wai ni na zuga a kai ƙara. Ki bar wa Allah 'yar uwa.

Mai tambaya: Ni ban san komai kan leda ba a lokacin, Hajiya ce tace a ƙona kayan shi yasa na ɓoye. Da ban ɗauke ba ai da yanzu toka ce.

Ɗan Lab: Ban ce kin yi laifi ba. Amma lauyan wancan ɓangaren tambayar farko da zai yi ita ce wata huɗu rigar tana hannun wa, wa ya shaida ba a ƙara mata komai ba. Shi yasa bana goyon bayan ki kai wani lab da kanki, yawancin na kuɗi gwajin uba da ɗa suke yi. Ki samu lauya ya rubuta, jami'in da ke binciken kisan ya karɓi rigar a rubuce da sa hannu. Cibiyar DNA ta gwamnatin Legas da aka buɗe 2017 an ƙona ta lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020, to sai lauya ya bincika inda ake kaiwa yanzu.

Malamin Islamiyya: Ƙanwata a kula da zato. Majalisar fiƙihu ta Makka a 2002 ta yarda ayi amfani da DNA wajen bincike, amma ba a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi. Kuma kar ki yi komai bayan idon yayanki, shi ne waliyyin jini.

Uwargida: Malam da girmanka, in uban yayi shiru sai kowa yayi shiru? Gobe ɗan wani ne. Ni nace ta kai rigar yau ɗin nan. Shi wanda kike zargin ɗan gida ne?

Ɗan Lab: Tambayar nan tana da muhimmanci. In mai shiga gidan ne yana ɗaukan yaron, samun DNA ɗinsa a riga ba hujja bace sosai, sai dai in jininsa ne ko maniyyi. Kuma gwajin yana wanke mutum ma, a Ingila 1986 wani yaro ɗan shekara 17 har ya amsa laifin kashe wata yarinya, DNA ya nuna ba shi bane, sai 1988 aka ɗaure ainihin mai laifin.

Mai tambaya: Bazan faɗi ko waye ba a nan. Kuma Yaya ba shiru yayi don baya so ba, hawan jini ne ya kwantar da shi, in na ce masa rigar tana wajena ban san me zai faru ba. Lauya kuma da wane kuɗi?

Maman Biyu: Shi ne abin da nake faɗa miki ai.

Uwargida: Uwar yaron fa, ta san da rigar?

Mai tambaya: Bata sani ba. Yanzu in cire ta daga ledar ne ko in barta yadda take?